Yankan Dogara

Duk wanda ya yi hulɗa da karar shanu ta Sara a shekarun nan da kuɗin mai ya fara hawa wa mutane kai, ya san Dogara na Kwandiko. Ba attajiri ba ne, ba dillali ba ne, ko tayar mota ɗaya bai taɓa mallaka ba. Aikinsa rakiyar shanu. Shi ne mutumin nan da za ka hango can ƙololuwar gingimari, zaune a kan gungumen da aka gitta bisa kawunan dabbobi, iska na ta kaɗa masa riga, tun daga ƙasar Gwaram har cikin kurmi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tabo a haƙarƙari inda wani ƙaho ya taɓa gaishe shi. Ba ya son dogon surutu, in ka matsa masa sai ya juya ya ci gaba da hira da saniya, ya bar ka tsaye.

Da ƙafa ya fara. Shekarar da aka sauke tutar Turawa yana cikin masu kora wa wani dattijon Bafulatani shanu, ana ce masa Bappa. Su tashi daga Sara su bi burtali, su shayar a nan, su kwana a can, har su isa Kano inda ake loda su a jirgin ƙasa. In kuma ba a samu tarago ba, sai a ɗaura ɗamara a nausa Ilori a ƙasa. Wahala ce iya wahala, ƙafa ta tsage, fata ta ƙone, amma dabba tana isa da naman jikinta, tana tafe tana kiwo. A hannun Bappa ya koyi gane saniyar da za ta faɗi tun kafin ta faɗi, a hannunsa kuma ya karɓi doka guda wadda bai taɓa sassautawa ba: dabbar da ta gaza, a sa mata wuƙa tun tana da rai, a ambaci sunan Allah, mutane su ci halal. Wadda kuwa rai ya riga ya fita, mushe ce, rabon ungulu ce, ko da sa ne mai tozo kamar rumbu.

Bappa ya rasu ana cikin yaƙin basasa. Burtalin ma bai daɗe a bayansa ba, gonaki suka cinye shi ta ko'ina. Jirgin ƙasa kuma ya shiga halin ni 'yasu. A kai shanu tasha a jibge, a ce tarago na nan tafe, a wayi gari a ce inji ya lalace a hanya, a sake wayar gari a ce taragon ya zo amma an ba wani mai uwa a gindin murhu. Dabbobi na tsaye a rana suna zubewa. Fatake suka ga ba sarki sai Allah, suka koma wa mota. Dogara ya bi su, don ba shi da wata sana'a sai wannan da ɗan noman damina.

Wanda bai taɓa leƙa cikin motar shanu ba, sai ya ɗauka mai rakiya zaman shan iska yake yi a sama. Ina! Ana zuba yashi a ƙasan bodi don kada kofato ya zame, a jera shanun kai da gindi, a ɗaure ƙahonin a jikin gungume. Da mota ta faɗa rami ko direba ya taka birki da ƙarfi, sai wata ta durƙushe, in ba a tashe ta nan take ba sauran su tattake ta. To, mai rakiya ne zai zura jiki tsakanin ƙahoni, mota na gudu, ya sauka cikin kashi da fitsari, ya murɗa wutsiya, ya ja igiya, ya toshe mata hanci har ta zabura ta miƙe. In ta ƙi tashi, ya ga ido ya fara juyewa, sai ya buga wa direba bodi a tsaya, ya zare wuƙa. Naman kuwa ba ya kaiwa Badun inda za a sauke shanun, a gari na gaba ake sayar wa mahauta.

Nan ne sunan Dogara ya fito. Mahaucin bakin hanya ba ya wurin sa'ad da aka yanka, maganar mai rakiya kawai yake da ita. Sau nawa aka ga Dogara ya sa an ja ƙaton sa an jefar a daji, direba na zage-zage, mai shanu na jiransa da faɗa a gida, don kawai ya sauko ya tarar rai ya riga wuƙarsa? Labari ya bi hanya, daga Birnin Kudu zuwa Zariya, daga Zariya zuwa bakin kogin Kwara. Aka san in Dogara ya ce ya yanka, to ya yanka. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma yana ji da shi fiye da yadda masu mota ke ji da motocinsu.

Sai kuɗin mai ya zo. Kai, Allah wadaran wasu shekaru! An canja hannun tuƙi, an canja fam zuwa naira, aka kuma canja wa mutane zuciya ba tare da an yi shela ba. Wanda jiya jaki biyu gare shi, yau ya sayo motar roka, gobe ya tafi Makka, jibi ya dawo da haƙorin zinare yana kallon mutane sheƙeƙe. Kaya ya yi yawa a ƙasa, siminti, shinkafar waje, rediyo, katifa, komai sai an ɗauko daga bakin teku an kai arewa, komai kuma a kan titin nan guda siriri da aka yi tun zamanin Turawa don 'yan motoci ƙalilan. Kwalta ta farfashe, gefen hanya ya cika da gawar motoci, ƙafafu a sama. Masu shinge suka yi yawa kamar ƙudan damina, kowa da sandarsa mai ƙusoshi da hannunsa a miƙe. Abin da ya fi ci wa Dogara rai shi ne layin mai. Ƙasar da ake cewa man na ɓulɓulowa daga cikinta, a ce mota ɗauke da rayuka ta yini a gidan mai tana jiran gas, shanu na huci, a ƙarshe a saya a garwa a bayan gidan man, rabinsa kananzir. Tir!

A wannan zamanin yana yi wa Alhaji Iliyasu na Birnin Kudu aiki. Alhaji Iliyasu da gyaɗa ya fara, da gyaɗa ta mutu ya koma shanu da sufuri, yana da 'yan'uwa a Kano da ke samo masa lodin dawowa. Mutum ne mai fara'a, mai yawan tasbihi, wanda bai taɓa ganin mota ya yarda ta cika ba. In an jera shanu har ba wurin sa allura, sai ya zagayo yana jan carbi ya ce, "A ƙara biyu, ai sa daidaita a hanya." Daga baya ma ya ƙirƙiro shimfiɗa katako a saman shanun, a ɗora buhunan wake da albasa, a ɗora awaki, in an samu fasinja a ɗora su su ma. Iska ta daina shiga ƙasa. Dogara ya yi magana har ya gaji, amsar dai ɗaya ce: "Malam Dogara, ai shi ya sa muke da kai."

Matarsa Batulu ta sha ce masa ya bari. In ya dawo daga tafiya, ba ta barinsa ya shiga ɗaki sai ya yi wanka da sabulun salo har sau biyu, tana tsaye bakin zana tana mita. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai ka sha ƙaho, Alhaji ya sha shayi. Wai me kake samu ne a saman motar nan?" Shi dai ya yi murmushi ya ce in ya sauka, wa za a ɗora? Wani za a ɗora wanda zai ciyar da Musulmi mushe. Da wannan yake rufe mata baki, da shi kuma yake lallashin kansa.

Tafiyar da ta raba shi da sana'ar ta zo ne bayan shekarun farin nan, lokacin da makiyaya ke rabuwa da shanunsu a wulaƙance. A karar Sara aka yi lodi, da bazara, dabbobin duk ƙashi da fata. Dogara ya nuna wani farin sa dogo ya ce wannan ba zai kai ba, a bar shi ya ɗan murmure. Alhaji ya ce ai mota ce za ta ɗauke shi, ba da ƙafarsa zai je ba. Aka tura shi ciki, aka shimfiɗa katako, aka ɗora albasa. Direban Sabo ne, mutumin Birnin Kudu, gwanin tuƙi, gwanin rantsuwa, wanda bakinsa ba ya rabuwa da goro da taba.

Suka sha hanya da daɗi ba daɗi. Dogara ya fi zama a ƙasa cikin shanun fiye da sama, don farin san nan da wata guzuma sai faɗuwa suke yana tashinsu. Da suka iso zangon da ke gab da gadar Kwara, sai suka tarar da layin motoci iya ganinka. Wata tankar mai ce ta kife a bakin gadar ta tare hanya, an ce an aika a zo da abin ɗaga ta, ba wanda ya san daga ina, ba wanda ya san yaushe. Sabo ya kashe mota ya yi ashar, ya nemi inuwa.

Zangon nan Dogara ya san shi kamar tafin hannunsa. 'Yan arewa ne suka kafa shi saboda direbobi: masu faci, masu shayi, masu abinci, da mahauta, don ungulu ba ta jewar banza, inda motocin shanu ke daɗewa a rana nan nama yake. Babban mahaucin wurin Badaru ne, dogo mai sanyin murya, wanda ya daɗe yana sayen yankan Dogara, kuma ko kusa bai taɓa yi masa musu ba. Akwai kuma Kulu mai tuwo, bazawara ce daga wajen Gwaram, da 'ya'yanta take zaune a bayan rumfarta, a wurin Badaru take sayen naman miya. Duk zuwan Dogara a wurinta yake cin abinci, suna taɓa hirar gida, Badaru kuma ya aiko da 'yar tsoka ta musamman a sa masa a kwano, wai girmamawa. Ran nan ma haka aka yi, da hantsi ya ci ya ƙoshi, ya sa wa Badaru albarka.

Rana ta take. Ƙarfen mota ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ƙarƙashin katakon nan kuwa ya zama tanda. Shanu suka saki harshe, kumfa na zuba. Dogara ya roƙi Sabo a sauke albasar ko iska ta shiga, Sabo ya ce in an buɗe hanya ba zato wa zai mayar? Ya duba farin san, ya ga yana tsaye, yana dai rawar ƙafa. Sai ya ari garwa biyu da sanda a wurin Kulu, ya ce wa Sabo, "Zan gangara kogi in ɗebo musu ruwa. In ka ji faɗuwa, ka aiko a kira ni da gudu." Sabo ya ɗaga masa hannu daga kwance.

Kogin da nisa, ga gangara, ga layin masu ɗiba. Da ya hauro da ruwan a kafaɗa, tun daga nesa ya hango an buɗe ƙofar bayan motarsu. Ya ajiye garwar. Farin san na kwance a ƙasa, an ja shi gefen hanya, wuya a yanke, Badaru ya durƙusa a kansa ya fara fiɗa.

Dogara ya tsaya ya dubi wurin. San da aka yanka da rai, jininsa tsartuwa yake, ya yi feshi, ya shure-shure ya tona ƙasa da kofato. Nan kuwa ɗan baƙin jini ne ya dalalo ya kwanta a ƙarƙashin wuyan, ƙasar lumui, ba alamar ko motsin wutsiya. Ya hau motar ya duba yashin ciki, nan ma ba jini, sai shatar inda san ya kwanta aka tattake shi.

"Sabo, wa ya yanka?"

"Ni ne. Da ransa, wallahi tallahi."

"Ina jinin?"

"Ka san dabbar fari ba ta da jini."

"Sabo, ka dubi Allah. Ina jinin?"

Sabo ya tofar da goro, ya kau da kai. "Barci ne ya ɗauke ni. Ko da na farka ya yi sanyi. To, ya kake so in yi? Kai ma ka san Alhaji. In na ce masa an jefar, a wuyana zai rataya shi. Kai dai ka yi shiru, ba wanda ya ce ka yi rantsuwa."

Dogara ya juya masa baya. Tausayin Badaru ne ya kama shi, bawan Allah an rufe shi, zai kai wa mutane ƙazanta bai sani ba. Ya ƙarasa da sauri ya dafa masa kafaɗa.

"Badaru, dakata. An cuce ka. Ba ni na yanka ba, mushe ne."

Badaru bai ɗago ba, wuƙarsa ma ba ta tsaya ba. Sai da ya gama zare fatar cinya, sannan ya goge hannu a gwiwa, ya miƙe, ya kama hannun Dogara ya ja shi bayan rumfarsa, inda ba kowa sai ƙudaje da tarin ƙahoni.

"Malam Dogara, rage murya," in ji shi, a hankali kamar mai ba da haƙuri a gidan makoki. "Ni za ka gaya wa mushe? A cikin jini aka haife ni. Tun kafin in taɓa shi na gani."

"Ka gani, kake fiɗa?"

"To, in bar wa wa? Ka dubi layin nan. Kana tsammanin motarka kaɗai ke da shanu? Kullum ta Allah sai an sauke mini biyu, uku, wata rana fiye. A cikin masu rakiyar nan wa ke shiga ƙasa kamar kai? Suna sama suna barci, sai wari ya tashe su. Kai kuwa sai a yi wata ban ga ƙeyarka ba, ni kuma kullum sai na rataye nama."

Dogara ya janye hannunsa. Ya ce, "Mutane ba sa tambaya?"

"Suna tambaya mana. Su ce yankan wa, in ce yankan Dogara, jiya ya wuce. Shi ke nan, su saya hankali kwance." Har da ɗan murmushinsa. "Ka ga kai sunanka ya ƙara tafiya, direba ya rage asara, ni na ci abinci, matafiya sun sha romo. Wa aka cuta?"

"Tsokar da kake aiko mini wurin Kulu fa?"

Badaru ya ɗaga kafaɗa. "Ka taɓa yin ciwon ciki?"

Nan take Dogara ya juya gefe. Ya dafa turken rumfar ya yi ta kelaya amai, tuwon hantsi da miyar da tsokar girmamawa duk suka dawo, har sai da ya rage ba abin da ke fita sai ɗaci. Mutumin da ya yi shekaru yana iyo cikin kashin shanu bai taɓa yamutsa fuska ba, ran nan ƙyamar jikinsa ta kama shi. Badaru kuwa ya koma kan fiɗarsa, don nama ba ya jiran kowa a irin wannan zafin.

Da ya gama, sai ya nufi tsakiyar zangon, inda rumfunan abinci suke, direbobi sun cika benci ana ta cin na rana. Dogara da ba a jin muryarsa sai in yana kiran saniya, ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'a! Ni ne Dogara! Naman da Badaru ke sayar muku da sunana, ba yankana ba ne! Mushe ne! Wanda ke ƙasa yanzu ma mushe ne, daga motarmu aka sauke shi!"

Hannuwa suka tsaya a cikin kwanuka. Wani dattijo ya yi salati, ya ture kwanonsa ya tashi. Wasu mutum biyu suka bi shi. Sauran fa? Wallahi abin kunya ne a faɗa. Wani direban tanka ya dubi tsokar da ke hannunsa, ya juya ta, ya ce, "To, ai wuta ta ci shi," ya jefa a baki. Aka yi 'yar dariya. Wani ya ce rana ce ta bugi bawan Allah, a ba shi ruwa. Wani kuma ya ce shi dai da yunwa ya zo, kuma laifin na wuyan mai yanka. Hannuwa suka ci gaba da kai loma. Da yawansu ma sun san zancen tun tuni, ai daga motocinsu ake saukewa.

Kulu ce kaɗai ta fito daga bayan murhu, ludayi a hannu. Ta dube shi, ta dubi tukunyar miyar da ta tashi tun asuba tana haɗawa. Ta naɗe hannu da tsumma, ta kama tukunyar ta rinjaye ta cikin kwata. Miyar ta malale, karnuka suka taso. Cinikinta na yinin ke nan ta zubar, ga zango cike da mayunwata.

Sannan ta matso kusa da shi. "Malam Dogara, ni fa ban san Badaru ba. Saboda kai nake saye. Da shi nake ciyar da marayun nan. Tun yaushe?"

Bai sani ba. Shekara ɗaya ne, ko tun ranar da Badaru ya fara jin sunansa, bai sani ba. Ya sunkuyar da kai, ya je ya ɗauko garwar ruwan ya shayar da sauran shanun, ya mayar mata da garwarta ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba.

Da aka ja tankar aka buɗe hanya, ya hau ya raka shanun har Badun, don amana ce ya karɓa. Bai yi wa Sabo magana ba har suka dawo. A Birnin Kudu ya tarar da Alhaji Iliyasu a ƙofar gida kan darduma, ya zayyana masa komai, yana tsammanin ko faɗa ne a yi. Alhaji ya saurara yana jan carbi, ya yi tsaki kaɗan, ya ce Sabo bai kyauta ba da ya yi barci. Game da barin aiki kuwa, sai ya ce, "Haba Malam Dogara, kada ka yi mana haka. In jikin ne ya gaji, ba sai ka riƙa shiga ƙasa ba. Kai dai ka hau ka zauna a sama, a riƙa ganinka." Dogara ya miƙe, ya sa takalmansa, ya kama hanyar Kwandiko.

Bai sake hawa motar shanu ba. Ya riƙe gonarsa ta gero da dawa, da rani ya yi igiya ya kai kasuwar Sara, amma ba ya bi ta wajen kara. In an yi suna ko biki a unguwa shi ake kira ya yi yanka, yana yi, sai dai ba ya tsayawa cin nama a gidan kowa. Batulu ta samu abin da take so, miji a gida ba wari, amma ta ce da ta san haka zai dawo, shiru kamar wanda aka yi wa rasuwa, da ta bar shi da warinsa. Sannu a hankali ya ɗan sake, har yakan taɓa naman abin da ya yanka da hannunsa a cikin gidansa. Yana ganin ko ba komai ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a, ya kuma bar hanya, dole zancen ya mutu.

Shekaru suka tura, furfura ta cika masa gemu. Wata ranar Sallah ƙarama ya yanka ɗan akuya da safe, da la'asar sai ga baƙo, Buba, wani direban tirela ɗan garinsu da ke zirga-zirgar kurmi, ya zo gaisuwa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka taɓa zancen hanya, Buba ya ce ai yanzu abin ya fi da lalacewa, ramuka sun zama rijiyoyi, shingaye sun ninka. Can sai fuskarsa ta washe, ya tuna da albishir ɗin da ya zo da shi.

"Af, Baba, ka san kuwa har yanzu sunanka na ci a bakin gada? Badaru ya rasu, amma mahautan wurin sun fi goma yanzu, kuma kowannensu ka tambaya sai ya ce maka yankan Dogara ne. Har waɗanda ba su taɓa ganinka ba. Na ce musu ai ɗan garinmu ne, ba su yarda ba. Kai, Baba, ka yi suna!"

Yana ta dariya, shi a ganinsa ya faranta wa tsoho rai. Daidai nan Batulu ta aiko da akushin tuwo, da naman akuyar a kai, manya-manyan tsoka saboda baƙo. Buba ya wanke hannu ya yi bisimilla. Dogara ya dubi naman, wanda shi da kansa ya kayar ya yanka da safe, jinin ya yi tsartuwa har bangon zana. Ya miƙa hannu, ya janye. Ya tura wa Buba akushin gabansa, ya ce ya ci, shi ya ƙoshi.